Karatun Dune: Yadda Za Ka Raba Matani Da Hashiya

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018, sannan fina-finan Dune biyu suka biyo baya a 2021 da 2024, 'ya'yan Hausawa da yawa a Jidda da Makka da Madina suka koma neman littattafan, wato jerin ƙagaggun labaran kimiyya da marubucin Amurka Frank Herbert ya fara. A gaban kanta ake fara ruɗewa. Ka shiga kantin littattafai na Jarir, ko ka rubuta sunan a Amazon, sai littattafai sama da 20 su zubo maka, kowanne da sunan Herbert ɓaro-ɓaro a bango. Shida kacal daga ciki ne Frank Herbert ya rubuta. Sauran aikin ɗansa ne Brian, shi da wani marubuci mai suna Kevin J. Anderson. A bayan waɗannan kuma ga tulin labaran da ma'abota littafin suka ƙaga suka zuba a intanet, wasu ci gaba, wasu cike gurbi, wasu gyaran abin da bai yi wa mai su daɗi ba.

Wanda ya taɓa zama a halƙar karatu a Harami ya san matani daban, sharhi daban, hashiya daban, kuma ɗalibin da ya ɗauko maganar hashiya ya jingina ta ga mai matani zai sha kunya a gaban malam. Ba daraja ake kwatantawa ba, ƙagaggen labari ƙagaggen labari ne. Tsarin aikin ne ɗaya: kafin ka buɗe shafi, ka san hannun wa kake karantawa.

Shidan farko, bi da bi

Ga yadda suka fito: Dune a 1965, Dune Messiah a 1969, Children of Dune a 1976, God Emperor of Dune a 1981, Heretics of Dune a 1984, sai Chapterhouse: Dune a 1985. Frank Herbert ya mutu a watan Fabrairun 1986, labarin bai kai ƙarshe ba. A haka za ka karanta su.

Za ka ci karo da masu cewa a bi tarihin cikin labarin, a fara da The Butlerian Jihad na 2002, wanda abubuwan cikinsa suka faru kimanin shekara 10,000 kafin haihuwar Paul Atreides, tauraron littafin farko. Kada ka bi su. Sai ka haɗiye littattafai sama da 10 kafin ka iso wanda ya jawo ka tun farko, kuma kafin nan an riga an tona maka asirin nasaba da Frank ya ɓoye don ya buɗe shi a inda zai girgiza ka. Mafi muni, za ka ɗauki fassarar ɗa a matsayin maganar uba. A wurin Frank, abin da ya sa aka haramta kwamfuta a wannan duniyar shi ne mutane sun miƙa wa injuna tunaninsu, sai wasu mutane masu riƙe da injunan suka bautar da su. A wurin Brian da Anderson, yaƙi ne tsakanin bil'adama da wata ƙwaƙwalwar inji mai suna Omnius da rundunarta ta mutum-mutumi. Na farko gargaɗi ne a kan ragwancin tunani, na biyu labarin fagen daga ne. Wanda ya fara da na biyu da wuya ya sake jin na farko.

Shafi 100 na farko

A nan mutane da yawa suke ajiye littafin farko, Dune, kuma ba su kaɗai ba: kamfanonin ɗab'i sama da 20 ne suka ƙi shi kafin Chilton, wanda aka fi sani da littattafan gyaran mota, ya buga. Marubucin ba ya tsayawa yi maka bayani. Tun babin farko zai jefo maka Bene Gesserit da gom jabbar da Kwisatz Haderach kamar tare kuka girma.

Maganin yana ƙarshen littafin. Akwai ƙamus a can, sa masa alama da wata takarda ka riƙa leƙawa. Amma ratayen da ke gabansa, guda huɗu, ka bar su sai ka gama. Na huɗun musamman, wanda ya jero manyan gidaje, yana ɗauke da shekarun mutuwa da sunayen iyaye. Kallo ɗaya ya isa ya ɓata maka rabin labarin.

Samu ƙaramin littafin rubutu ka ware shafi ɗaya ga masu iko: sarkin sarakuna Shaddam na huɗu da dakarunsa Sardaukar, majalisar manyan gidaje, Landsraad, inda Atreides da Harkonnen suke, ƙungiyar matuƙa jiragen sararin samaniya, wadda babu mai tafiya tsakanin taurari sai da ita, matan Bene Gesserit, da kamfanin CHOAM da kowa yake da hannun jari a ciki. Dukansu sun rataya ne a kan abu ɗaya, wani sinadari mai suna melanj, wanda ake kuma kira spice (kayan yaji), da ba a samun sa ko'ina sai a hamadar Arrakis. Herbert da kansa ya rubuta a mujallar Omni a 1980 cewa CHOAM ita ce OPEC, don haka mazaunin wannan ƙasa ba ya buƙatar dogon bayani. A ƙasan shafin ka rubuta Fremen, mutanen hamadar, waɗanda babu wanda ya sa a lissafi.

Babi 48 ne, marasa lamba, an kasa su kashi uku. Shafuka kan kama daga 500 da wani abu zuwa kusan 900, gwargwadon bugu. Babi biyu a rana, bayan Isha ko cikin hutun zafin azahar, zai kai ka ƙarshe cikin kwana 24. Kada ka bar tazarar da ta wuce kwana uku a kashin farko, sunayen za su zube.

Abu biyu na salonsa suna rikita sabon shiga. Yakan tsallaka daga zuciyar wannan zuwa ta wancan a cikin zama ɗaya, tunanin kowa a rubutun tsutsa. Idan ka ɓata, koma baya ka nemo wanda aka ambata na ƙarshe kafin karkataccen rubutun. Sannan tun da wuri zai gaya maka wane ne maci amana. Ba kuskure ba ne. Yana so ka zauna kana kallon tarkon yana rufewa. 'Yan gajerun maganganun Gimbiya Irulan da ke saman kowane babi ma kada ka tsallake su, amma ka tuna 'yar fada ce ke rubuta tarihin wanda ya ci sarauta.

Wanda aka haifa a nan, Larabcinsa ya fi Turancinsa ƙarfi, yana iya farawa da fassarar Larabci, wadda aka sa wa suna Kathib, wato tudun rairayi, abin da Bahaushe zai kira jigawa. Sai dai ya riƙa rubuta sunayen mutane da na wurare da baƙin boko a gefe, domin rubuce-rubucen ma'abota kusan duk da Turanci suke. Fassarar inji kuwa ba ta da amfani a nan: za ta mai da melanj kayan miya.

Larabcinka zai taimake ka, zai kuma yaudare ka

Mai karatu a Amurka yana jin kalmomin Fremen kamar yaren aljanu. Kai kuwa za ka ga Mahdi, Naib, Usul, Karama, Baraka, Fiqh, Ramadan, har da Kitab al-Ibar, sunan littafin tarihin Ibn Khaldun, ka ji kamar kana gida. Da yawa sun zauna daidai. Fedaykin daga fida'iyyin ne. Muad'Dib yana kusa da mu'addib, mai tarbiyya, ko da yake a labarin sunan wani ɓeran hamada ne mai tsalle. Qanat magudanar ruwa ce, kamar yadda ka sani.

Amma kama da wane ba ta wane. A cikin labarin dubban shekaru sun shuɗe, harshe ya gurɓata, addinai sun cakuɗe har aka sami wani abu wai shi Zensunni, gamin Zen na mabiya Buda da Sunna. Don haka Sayyadina a can mace ce, mai hidimar addini. Auliya ba jam'in waliyyi ba ne, wata mace ce guda a aƙidarsu. Misr ba ƙasar Masar ba ce, sunan da kakannin Fremen suke kiran kansu ne, ma'anarsa mutane. Lisan al-Gaib, wanda kai za ka fassara da harshen gaibu, a wurinsu murya ce daga wata duniya, wato baƙon da zai zo daga waje. Shari-a kuwa ƙamus ɗin ya ba ta wata ma'ana ta tsafe-tsafen camfi da ba ta da alaƙa da abin da Musulmi ya sani. Ƙa'idar ita ce: kalmar da ka fi ganewa, ita za ka fi dubawa a ƙamus. Kuma ba duka ne Larabci ba. Kwisatz Haderach Ibrananci ne, Padishah Farisanci. Kindjal da sietch da Chakobsa Herbert ya tsinto su ne daga littafin Lesley Blanch na 1960, The Sabres of Paradise, tarihin Imam Shamil na Dagistan wanda ya yaƙi Rasha har 1859. Mutanen Madina, Shamil ɗin maƙwabcinku ne: a nan ya rasu a 1871, a Baƙi'a aka rufe shi.

Akwai wuraren da za su taɓa ka fiye da yadda suke taɓa Bature. Cikin koken da Fremen suke yi kan zaluncin da aka yi wa kakanninsu akwai cewa an hana su Hajji. Wanda kakansa ya taka daga Kano ya ratsa Sudan ya ƙetare Bahar Maliya don wannan ibada ba zai wuce jimlar nan haka kawai ba. Haka batun ruwa. Akwai inda shugaban Fremen, Stilgar, ya tofa yawu a kan tebur a gaban Leto, mahaifin Paul, mutanen Leto suka zabura za su zare makami, sai aka ce musu su tsaya, girmamawa ce: mutumin ya ba da ruwan jikinsa. Wanda ya taɓa jiran motar wayit mai kawo ruwa cikin zafin Agusta tankin gida a bushe zai gane wannan kafin a gama yi masa bayani.

Akwai kuma abin da zai sosa maka rai, gara ka sani tun yanzu. A labarin, matan Bene Gesserit ne suka shuka annabce-annabcen zuwan mai ceto a tsakanin al'ummomi, don 'yan ƙungiyarsu su sami mafaka idan ta ɓaci, kuma kalmar jihadi a bakin Herbert tana nufin yaƙin tsattsauran ra'ayi da ya kuɓuce wa mai shi. Mutumin ba malamin addini ba ne, ɗan jarida ne daga jihar Washinton da ya fara tunanin labarin a 1957 sa'ad da ya je Oregon duba yadda ake dasa ciyawa don tsayar da rairayi. Abin da yake hari shi ne mutanen da ke miƙa wuyansu ga shugaba mai farin jini. Ba a koyon aƙida a wurinsa, ba a kuma kafa hujja da shi.

Inda za ka iya sauka

Na biyun, Messiah, shi ne mafi gajarta, kuma shi ne ya fi ɓata wa mutane rai. Shekara 12 sun wuce, Paul yana kan gadon mulki, yana lissafa da bakinsa cewa yaƙin da aka yi da sunansa ya ci rai biliyan 61. Babu sukuwa a kan tsutsar rairayi, ƙatuwar halittar nan ta hamadar Arrakis da Fremen ke hawa, sai makirci a ɗakunan fada. Editan mujallar Analog, wanda ya buga na farkon kashi-kashi, ƙin karɓar wannan ya yi. Duk da haka kada ka tsaya a littafi na ɗaya; wanda ya tsaya a can zai tafi da zaton labarin jarumta ya karanta.

Children ya zo shekara 9 bayan haka, kuma nan ce tashar farko mai kyau. God Emperor ya tsallake shekara 3,500, rabinsa zance ne na mai mulki guda da ke wa'azi ga waɗanda ba su da ikon tashi. Babi ɗaya a rana ya ishe shi. Masu son sa suna cewa shi ne ƙololuwa, kuma suna da gaskiya, amma sai mai haƙuri. Tasha ta biyu ke nan. Biyun ƙarshe sun ƙara tsallake shekara 1,500, sun dawo da gudu da faɗa, sai dai akwai batsa a fili a cikinsu. Ba littattafan da za a bari a falo ƙanne su ɗauka ba ne.

Hannuwan da suka biyo baya

Na farko shi ne The Dune Encyclopedia na 1984, wanda Farfesa Willis McNelly, abokin Herbert, ya tattara daga marubuta da dama. Shi ne kakan rubutun ma'abota: an tsara shi kamar kundin da masanan cikin labarin suka wallafa, ya tsaya a littafi na huɗu. Herbert ya sa masa albarka a gabatarwa, amma ya ce bai ɗaure kansa da abin da ke ciki ba. An daina buga shi, kuma magada sun fitar da shi daga sahun ingantattu.

Brian da Anderson sun fara a 1999 da House Atreides. Idan abin da kake so shi ne ka ji yadda aka rufe labarin, Hunters of Dune na 2006 da Sandworms of Dune na 2007 ne, waɗanda suka ce sun gina a kan tsarin da Frank ya bari. Amma fa ƙarshen nasu ya dogara ne a kan mutanen da suka ƙirƙiro a littattafan yaƙin injuna na 2002 zuwa 2004, don haka sai ka bi ta can tukuna. Rubutunsu mai sauƙi ne, babi gajeru, komai a bayyane. Ya dace da mai koyon Turanci, ba shi da zurfin na uban.

A littafin rubutunka ja layi uku, kowane hannu da nasa. Ga irin abin da za ka tarar. A wurin Frank, a duniyar Caladan aka haifi Paul; a House Corrino na Brian da Anderson na 2001, a duniyar Kaitain. Jagorar yaƙi da injuna sunanta Jehanne Butler a kundin McNelly, Serena Butler a wurin Brian. Yawancin musun da ake tafkawa a zaure ko a guruf, kowa gaskiyarsa yake faɗa, littafin da ya riƙe ne daban.

Rubutun ma'abota: yadda ake tacewa

Wattpad da masu karatun littattafan Hausa suka saba da shi yana da nasa, amma tacewarsa ba ta da ƙarfi. FanFiction.net, wanda ya fara a 1998, yana da tsofaffi, na kafin sababbin fina-finai. Inda aka fi tsari shi ne Archive of Our Own, da ake taƙaitawa AO3, wanda aka buɗe a 2009, har ya ci kyautar Hugo a 2019. Da Turanci allonsa yake, don haka ga kalmomin yadda za ka gan su.

Fara da zaɓar reshe. Ana raba na littafi da na fim, na littafin yana ɗauke da sunan Frank Herbert. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A fim ɗin 2021 Liet-Kynes mace ce, a littafi namiji ne. A na 2024 Chani, 'yar Fremen masoyiyar Paul, ta juya masa baya, ƙanwarsa Alia kuma ba a haife ta ba har aka tashi. A littafi ba haka aka yi ba. Ci gaban da aka ɗora a kan fim ba zai hau kan littafi ba, ko ka tura da ƙafa.

Sai matakin tsabta. General da Teen su ne masu dama-dama. Mature da Explicit ka jefa su a sashen Exclude, ka haɗa da Not Rated, domin wanda bai sa wa aikinsa mataki ba komai ma kana iya tararwa a ciki. Lura da alamar da ke tsakanin sunaye biyu: karan tsaye mai karkata yana nufin soyayya ko abin da ya fi haka, alamar & tana nufin zumunci ko abota. Da yawa sun shiga abin da ba su nema ba don rashin sanin wannan kawai.

Daga nan duba laƙabi. Canon Compliant bai saɓa wa matani ba, gurbi yake cikewa, kamar shekara biyun da aka tsallake tsakanin kashi na biyu da na uku na littafin farko. Canon Divergence ya bi matani zuwa wata mararraba ya kauce. Post-Canon shi ne ci gaba na haƙiƙa. Fix-It gyara ne, yawanci raya wanda ya mutu. Alternate Universe kuwa yana iya kai Paul jami'a ya ba shi shagon shayi. Ga wanda ya gama shidan, Post-Canon da Canon Compliant ne abin nema. Wanda yake tsakiya ya karanta taƙaitawar da kyau, domin ma'abota ba sa ɓoye ƙarshen kowa.

Lambar babi ma magana ce. Idan ka ga 12/12, an kammala. Idan ka ga 7/? kuma rabon da a taɓa shi shekara biyu, marayan labari ne, kada ka sa rai. Akwai maɓallin Complete works only. Jerawa bisa yawan kudos, wato yabon masu karatu, yana ɗago labaran soyayyar 'yan fim ne sama, ba lallai mafi inganci ba. Gara ka sami marubuci ɗaya da ya gamsar da kai, ka bi jerin abin da shi ya adana. Fara da gajeru, kalma 3,000 zuwa 10,000, kafin ka ba da mako guda ga mai 200,000. Kowane aiki ana iya sauke shi a EPUB ko PDF, ya yi maka rakiya a jirgin Haramain ko a doguwar hanyar Riyad.

Shafi biyu sun isa ka gane ko marubuci ya san duniyar. Ba a kunna garkuwar jiki, na'urar kariya da ke kewaye mai ita, a cikin hamada, tana haukata tsutsa ta jawo ta. Ba a harbin mai garkuwa da bindigar haske, fashewar na iya cinye mai harbi da wanda aka harba. Wuƙa a hankali take ratsa garkuwa, mai sauri tana dawowa. Babu kwamfuta mai tunani, Mentat ne, wato mutanen da aka horar, ke lissafi da ka. Ɗan Fremen ba ya tafiya da taku mai tsari a kan rairayi, kuma ba ya zubar da hawaye a banza. Kuka a wurinsu bai wa mamaci ruwa ne, abin da ake ba da labarinsa. Idan ka ga Chani tana sharɓar kuka a babi na ɗaya saboda an yi mata kishiya, rufe ka nemi wani.

Mai sha'awar rubuta nasa da Hausa fili a buɗe yake, AO3 yana karɓar harsuna da yawa. Ya rubuta a sama reshen da ya bi da littafin da ya tsaya a kai, ya bar sunayen Fremen yadda suke kada ya gyara musu Larabci. Al'adar nan ta littattafan waya, a saki babi goma kyauta sauran a biya, ba ta shiga nan: haƙƙin mallakar Dune yana hannun magadan Herbert, kuma AO3 ya hana tallar kuɗi a kan aiki, ko da lambar asusu ce a ƙasan babi.